Rabin Filasta

Ƙofar Guga, Katsina
4 ga Maris, 2024

Zuwa ga Sada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da ban taɓa sa su a ido ba, da fatan Ibadan tana riƙe da ku lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi da ya fara kunno kai, sai ƙafata ta hagu da ba ta son sauka daga gado da safe.

In ka manta, ni ce Sabuwa, yayar Sammani mai wankin hula. Kakarka Hajiya Dubu da mahaifiyarmu 'ya'yan wa da ƙani ne, saboda haka inna nake gare ka ko ka so ko ka ƙi. Da biro na rubuta wannan, na ɗauki hotonta na turo maka, ainihin takardar kuwa tana cikin kwallata. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, na san maganar waya iska ce, rubutu shi ne shaida. Kai ma haka za ka amsa mini.

Rabonka da gidanmu tun rasuwar Hajiya Dubu, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ko ta'aziyyar matar Sammani ba ka zo ba. Sai ga shi rana tsaka ka tuna kana da kawu zabiya mai ciwo a kunne, har ka haɗa shi da wani Dakta Ashraf a asibiti a yi masa magani kyauta. Ruwa ba ya tsami banza, Sada.

Ga abin da idona ya gani. Sun yanki 'yar fatar kunnensa sun jefa a kwalba. Bayan sati biyu suka ce ciwon daji ne na fata, rana ce ta jawo masa, amma bai yi zurfi ba. Suka ba shi takarda ya sa hannu, shi da ba ya ganin rubutu sai ya kai shi bakin hanci. Ni ma aka sa na sa hannu, wai ni ce mai kula da shi. Sannan suka ba mu wata filasta shara-shara kamar ɓawon albasa, in riƙa liƙa masa duk ranar Talata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wai tsohuwar da aka ɓare ba a yar da ita, a sa ta a 'yar jaka a mayar musu, su kuma su aika maka.

Me za ka yi da ƙazantar kunnen kawunka? Ka san abin da ake faɗa a kan masu neman fatar zabiya da gashinsa. Tun yana ƙarami nake tsare Sammani daga irinsu. Na taɓa bin wani mutum da taɓarya har bakin masallaci don ya ce a sayar masa da askin yaron. Ban ce kai irinsu ne ba. Tambaya na yi.

Ni ce innarka,
Sabuwa

*

Ibadan
9 ga Maris, 2024

Inna Sabuwa,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta sau uku. Mu duka lafiya, Allah ya ba ƙafarki sauƙi. Laifin zumunci nawa ne, na ɗauka, ba ni da ta cewa. Mama ce ta ba ni labarin ciwon Kawu, na ga abin da nake aiki a kai ne, na ce in na yi shiru Allah zai tambaye ni.

Ni ba likita ba ne. Aikina haɗa abin da zai ɗauki magani ya kai shi daidai inda ake so. Filastar nan mu muka yi ta, da ƙaro irin na jikin itace da wani abu da ake samu a ɓawon jatanlande. Maganin kashe ciwon yana cikinta, tana sakinsa kaɗan-kaɗan har kwana bakwai, yadda sabuwar randa ke tsattsafo da ruwa. Amfanin haka shi ne maganin ba ya yawo cikin jini ya galabaitar da mutum, a kan ciwon yake tsayawa.

Ba zan ɓoye miki ba, gwaji ne. Mutum arba'in ne a ciki, kuma duk ranar da Kawu ya ce ya fasa, ya fasa. Tsohuwar filasta auna ta muke yi mu ga nawa ne maganin ya fita, sannan mu ƙone ta. Fatar da aka yanka tana nan asibitinku, ki ce Dakta Ashraf ya nuna miki.

Roƙona ɗaya ne. Ta rufe ciwon gaba ɗaya har ta haura gefensa da faɗin yatsa, kuma kada a ɗaga ta kafin Talata. Wajen alwala ya tambayi malaminsa hukuncin shafa a kan bandeji. Ya kuma rage tsayuwar rana wajen shanya huluna.

Allah ya kai mu azumi lafiya.

Ɗanki,
Sada

*

Ƙofar Guga
16 ga Afrilu, 2024

Sada,

Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadarmu. Na je na ga fatar a kwalbarta, da sunansa a jiki. To, wannan ka fita.

Amma ga wata. Sati shida ina liƙa filastarka yadda ka ce, har da auna yatsa. Rabin ciwon na ƙasa ya bushe, ya yi sabuwar fata. Rabin na sama kuwa ya ƙara tashi, yana ruwa, gefensa ya yi tauri. Tsakaninsu layi ne miƙaƙƙe kamar an ɗora rula. Ni tun da nake ban taɓa ganin ciwon da ya je makaranta ba.

Dakta Ashraf ya duba, ya ɗauki hoto, ya ce zai yi magana da Ibadan. Ibadan ai kai ne.

Na ji ana cewa a irin gwajin nan wasu a ba su magani na gaske, wasu a ba su na banza don a kwatanta. Faɗa mini gaskiya, rabin filastar kuka sa wa magani kuka bar rabin, don ku yi kwatancenku a kunne ɗaya ku huta? In haka ne Allah ya isa, ba zan ɓoye maka ba. Sammani shi kaɗai ya rage mini a cikin waɗanda muka sha nono ɗaya.

Sabuwa

*

28 ga Afrilu, 2024

Sada,

Kwana goma sha biyu. Waya ta nuna mini ka buɗe takardata tun ranar. Da ka yi saurin amsa ta farko na ce yaron nan mai gaskiya ne. Yanzu biri ya fara kama da mutum.

Ciwon ya fara jini a matashin kai.

Sabuwa

*

Ibadan
6 ga Mayu, 2024

Inna Sabuwa,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Kawu da jiki. Ki yafe mini shirun. Jakunkunan ba sa isowa sai ƙarshen wata, ni kuma ban so in rubuta abin da ban tabbatar ba.

Babu filasta mai rabin magani. Na rantse miki da Allah, kowace cike take daga gefe zuwa gefe, kuma kowa a gwajin nan irin ta Kawu ake ba shi.

Jakunkunan Kawu guda takwas na buɗe da hannuna. Ta farko cikakkiya ce. Sauran bakwai rabi-rabi ne. Ba yagewa suka yi ba, ba narkewa ba, yanke su aka yi da almakashi, yanka mai kyau. Layin da kika gani a kunnensa, layin almakashin ne. Inda filasta ta rufe ya warke, inda aka bari a buɗe ciwon ya samu sarari.

A takardar asibiti ke ce mai liƙawa, ke ce mai ɓarewa. Wani abokin aikinmu ya ce mai yiwuwa ana sayar da rabin ga masu gyambo, tun da an ga yana busar da ciwo. In haka ne akwai haɗari, domin maganin da ke ciki yana cin lafiyayyar fata. Ban ce ke ce ba, Inna. Tambaya na yi.

Dakta ya ba da sati uku. In ciwon bai ja da baya ba sai tiyata, kuma Kawu zai iya rasa kunnen. In kuwa ya gangara zuwa wuya, magana ta wuce ta kunne.

Ɗanki,
Sada

*

Ƙofar Guga
8 ga Mayu, 2024

Sada,

Babu gaisuwa yau. Ni ka mayar wa maganata? Ni Sabuwa zan sayar da kunnen ƙanena? Ranar da aka haifi uwarka ni na share ɗakin da aka yi zaman suna. Ka gaida abokin aikin naka, ka ce masa zato zunubi ne.

Na kwana biyu ina ɓacin rai kafin hankalina ya dawo na yi tunani. Liƙawa ni ce, cikakkiya nake liƙawa, Allah shaida ne. Amma ɓarewa, tun sati na biyu Sammani ya ce ya hutar da ni. Kafin in idar da sallar walaha ya ɓare ya rufe jakar. Sauran kwanakin kuma kullum kunnen yana cikin ƙyallen da yake naɗawa ƙarƙashin malafarsa. Na tambaye shi, ya ce zufa ce ke cinye ta. Zufa mai almakashi!

Na kuma lura duk Talata sai ya sa rigarsa mai kyau ya fesa turare, wai zai je rumfarsa ta wankin hula. Wa ke fesa wa huluna turare? Na tambayi mai acaɓar da ke ɗaukarsa, ya ce Ƙofar Kaura yake kai shi, wani gidan haya, wajen wata mata. Shekara shida da rasuwar matarsa, babu bazawarar da ban kawo masa ba ya ƙi. In wata ce ta shanye shi take karɓe masa magani tana kaiwa kasuwa, za ta san ta taɓo ƙanen Sabuwa.

Ka jira Talata.

*

Ƙofar Guga
14 ga Mayu, 2024

Sada,

Ina gaishe ka. Na cinye gaisuwarka wancan karo, ga ta na biya. Zauna ka karanta.

Da safe na liƙa masa sabuwa. Ya naɗa ƙyallensa ya hau acaɓa, ni kuma na tari adaidaita na ce a bi shi a hankali. Duk hanya ina tsara zagin da zan yi. A Ƙofar Kaura ya shiga wani gida mai ɗakuna a jere, ya yi sallama a na ƙarshe. Na ba shi 'yan mintoci, sannan na ɗaga labule ba sallama.

Matar da na zo zagi ta girme ni, Sada. Zabiya ce ita ma. Sunanta Marta, mutuniyar Zonkwa, mijinta ɗan sanda ne da ya rasu a nan ya bar ta. Tana zaune a tabarma ta karkatar da kai, a gefen wuyanta ciwo ne kamar tafin hannuna. Turaren da nake zargi a labulenta yake fesawa, don tana jin kunyar warin.

Shi kuwa ya ɓare filastar da na liƙa masa, ya shimfiɗa ta a kan faranti, ya kawo ta bakin hancinsa yana bi da almakashin da yake tsinke zaren hula da shi.

Na ce, "Sammani! Mi kake yi haka?"

Ko firgita bai yi ba. Ya ce, "Abin da kika gani, Yaya. Rabo nike."

Na ce, "Magani ne hwa, ba tsire ba!"

Sai ya ajiye almakashin. Ya ce, "Yaya, shekara ashirin muna ƙungiyarmu ta zabiyoyi. Man rana ko kwalba guda muka samu, da cokali muke rabawa. Malahwa in guda ce, wanda zai tahi nesa shi ke sawa. Ranar da aka duba mu asibiti, tare muka je da Yaya Marta, benci guda muka zauna. Ni aka ɗauke ni don ina da ɗa Ibadan, ita aka ce ta koma gida. In warke ni kaɗai tana kallo? Da wane ido zan shiga taro?"

Marta ta kama hannuna ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Na ce ya bari, ya ƙi ji. Ni sun ce nawa sai wuƙa. Maigidana ma wuƙa ya shiga, bai fito ba."

Maimakon zagi, sai kuka. Na yi kuka don haushinsa, na yi don tausayinta, na yi don kunyar abin da na zo da shi a raina. Ita ce ma ta koma tana ba ni haƙuri, ta sa aka kawo mini ruwa.

Ragowar rabin-rabin duk ta adana su a gwangwanin madara, wai ta ji an ce ba a yarwa. Guda tara ne, na ƙirga, suna wurina. Ka gaya wa abokin aikinka babu wanda ya sayar da komai.

Yanzu ka amsa mini. Gaskiya ne don kai aka ɗauki Sammani aka kori matar nan? Kuma tun da saman ciwonta ya ɗan bushe, me zai hana ku ba ta tata cikakkiya?

Innarka,
Sabuwa

*

Ibadan
15 ga Mayu, 2024

Inna,

Na gaishe ki, kuma na durƙusa ina neman gafararki kan abin da na rubuta. Na karanta takardarki a wurin aiki, sai da na fita waje na tsaya.

Ni na sa aka kira Kawu a duba shi, wannan gaskiya ne. Amma an ɗauke shi ne don ciwonsa a sama yake. Filastarmu ba ta ratsa fata fiye da kaurin farce. Ciwon Mama Marta ya nutse ciki, shi ya sa aka ce mata tiyata. Busar da kika gani ita ce abin tsoro, saman ya rufe, ƙasan yana ci. Wata biyu ke nan da ya kamata a ce an yi mata aiki. Ko guda ɗari na ba ta, ba za su kai inda ciwon yake ba.

Dole na gaya wa Dakta Ashraf, na gaya masa. Sati ukun nan ba su da sauran amfani, zai duba Kawu gobe ya sa ranar tiyata. Ya ce a kawo Mama Marta tare. Inna, ke kaɗai za ki iya shawo kanta.

Shekara huɗu muna tunanin abin da zai ɓata filastar nan. Mun yi tunanin zufa, da zafin Katsina, da ruwan alwala. Babu wanda ya tuna ya tambayi mutanen da za su sa ta yadda suke zama da junansu. Ni da nake ɗan gari ma ban tambaya ba, don ban zo ba.

Bayan tiyata akwai filasta ta biyu, fara, mai zuma. Ba ta da maganin daji, haɗe rauni take yi, kuma ba ta liƙewa a nama. Waɗanda sunansu ke cikin gwajin kaɗai aka yarda a ba, saboda haka Kawu zai samu. Don Allah ki ɓoye almakashi.

Ɗanki,
Sada

*

Ƙofar Guga
20 ga Yuni, 2024

Ɗana Sada,

Assalamu alaikum. Barka da babbar Sallah. Ina gaida iyali. An yi ruwan sama sau biyu, gari ya yi sanyi, ƙafata ma ta ɗan saki.

Na san Dakta ya ba ka nasa labarin, ga nawa. Kwana takwas ina zarya Ƙofar Kaura kafin Marta ta yarda a yi mata tiyata, da sharaɗin Sammani ya fara shiga, ta gan shi ya fito da ransa. Haka aka yi. Ya fito, aka turo shi ta gabanta, ya ɗaga mata hannu, ta yi addu'arta ta ce su tafi. Aikinta ya daɗe, har daga cinyarta aka ɗebo fata. Sun ce akwai sauran magani a gabanta mai tsawo, ba su yi mata alƙawarin komai ba.

Sammani ya rasa saman kunnensa, daidai rabin da ya riƙa bari a buɗe. Wuyansa lafiya, alhamdu lillahi. Baƙin tabarau ɗinsa ba shi da inda zai rataya ta gefe ɗaya, na ɗaura masa zare ta ƙeya. Na ce masa ga ladan rabo nan ya gani. Ya ce ai rabin ya rage masa, kuma da shi yake jin faɗana sarai.

Farar filastarka kuwa ba ni da abin cewa sai godiya. Raunin yana haɗewa lumui. Na kwashe almakashi uku, da reza, har da wuƙar yankan kuɓewa, na kulle su a kwallar da takardunka suke. Sammani ya ce in tambaye ka, wai mai yin magani bai san ciwo ba shi kaɗai yake zuwa ba?

Jiya na je na taya Marta canza bandeji. Ita auduga aka ba ta. Audugar ta liƙe a naman, sai da na jiƙa ina ja a hankali, ita kuma ta cusa bakin zanenta a baki don kada maƙwabta su ji. Da na gama ta tambaye ni yaya kunnen Sammani.

Na dawo gida na ɗauko fakitin Talata mai zuwa don in duba kwanan wata. Ban san lokacin da na buɗe kwallar ba. Sai ganina na yi zaune a bakin gado, filasta a hannun hagu, almakashi a hannun dama, ina auna tsakiya da ido. Kunnen Sammani ƙarami ne, na ce a raina, rabi ma ai ya ishe shi. Ni da na yi masa faɗa har muryata ta dushe.

Ban yanka ba. Amma na san kaina, kai ma yanzu ka san gidan da ka fito. Ka je wurin manyanka ka gaya musu duk abin da za ka gaya musu, ka sa sunan matar nan a takardarku, ka aiko biyu. In Talata ta yi babu ta biyu, ni zan yanka, da hannuna. Na rubuta maka da biro don kada ka ce ba a gaya maka ba.

Ni ce innarka,
Sabuwa